Rigakafi, Mai Ofis a Kan Matakala

Duk wanda ya taɓa shiga benen nan na bakin babban titi, wanda kamfanin waya ke ƙasa, hukumar agajin gaggawa ke sama, ya ga wani mutum zaune a tsakiyar matakala, daidai inda take karya kwana. Ga teburinsa na ƙarfe an tura shi lungu jikin taga, ga hular kwano rataye a ƙusa, ga usur a wuyansa. Wasu kan ɗauka maigadi ne aka yi wa ƙarin girma, wasu su ce laifi ya yi ake hora shi. Ba ko ɗaya. Wannan ɗan gwaggona ne, abokin wasana, Rigakafi, jami’in haɗa gwamnati da kamfanoni kan shirin girgizar ƙasa. Ni na san yadda aka yi ya sauka a wurin, domin da bayana aka share masa filin.

Ni ban yi karatu mai zurfi ba. Malamai sun yi iya ƙoƙarinsu, ni ma na yi iya nawa wajen kauce musu, muka rabu kowa ya huta. Sana’ata hayar kujeru da rumfuna. Amma in dai labarin Rigakafi ne, ko farfesa ya zo sai ya zauna a ƙasa ya saurare ni, don kusan tare aka yaye mu.

Ƙasar garinmu tana da ɗan hali. Takan yi shekaru tana barci, sai rana ɗaya ta yi juyi kamar mai ƙaiƙayin baya, kwanuka su yi kiɗa, a ruga waje, a dawo a ci gaba da hira. Muna ƙanana, wata safiya ta yi irin wannan juyin muna gidan Kaka. Kowa ya ari na kare. Babana ya fita da takalmi ƙafa ɗaya. Uwata ta suro ni ta ƙafa, kaina na kallon ƙasa, shi ya sa har yau lissafi ba ya zama a cikinsa. Gwaggo kuwa ta fito rungume da rediyo. Aka taru a fili ana ta salati. Gwaggo ta ɗauka ɗanta na wurin Kaka, Kaka ta ɗauka yana wurin Gwaggo. Sai da hankali ya dawo jiki, har an fara yi wa babana dariyar takalmi, sannan Kaka ta ce, “Ke, ina yaron?”

Gwaggo ta ce, “Ba yana wurinki ba, Inna?”

Aka kwasa a guje. Aka same shi a bayan ƙofa zaune a kan fo yana kashi, ya riƙe gefensa da hannu biyu kamar direban babbar mota. Ko kuka bai yi ba. Ya dai bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya. Gwaggo ta ce har ta koma ga Allah ba za ta manta wannan kallon ba. Ni kuma nakan ce har yau bai sauko daga fon nan ba.

Tun daga ranar ya zama Rigakafi. A makaranta kujerar bakin ƙofa ce tasa, ko da duka. Da rana tsaka yana yawo da tocila a aljihu. Ranar aurensa, kafin ya zauna sai da ya zagaye ɗakin taro ya gwada kowace ƙofa, sannan ya dawo ya tashi amarya daga ƙarƙashin fanka. Gidansa kuwa komai a kafe yake da bango: kabad, madubi, talabijin, har hoton surukinsa. Matarsa ta ce min ba ta yarda ta daɗe a tsaye jikin bango, kada ita ma a kawo ƙusa. A bakin ƙofa akwai jakar ko-ta-kwana, da ruwa da bandeji da biskit a ciki. Biskit ɗin ni nake duba masa lafiyarsa duk sanda na je. ’Ya’yansa kuwa sun sha horo har ya yi yawa. Na taɓa yin atishawa a falonsu, kafin in ce alhamdulillahi duk sun shige ƙarƙashin tebur sun dafe ƙeya.

Da ya gama karatu hukumar agaji ta ɗauke shi aiki, aka ba shi teburin da kowa ke gudu. Aikin a baki ba wuya. In ƙasa ta girgiza da gaske, wa zai kashe wuta, wa zai kawo motar asibiti, wa zai ɗaga ginin da ya faɗi, wa zai gyara layin waya a samu a kira juna? Gwamnati na da ’yan kwana-kwana da ikon ba da umarni. Kamfanoni na da injin ɗaga kaya da asibiti da waya. A taƙaice, gwamnati na da jiniya ba mota, kamfani na da mota ba jiniya. Aka ce wa Rigakafi ya haɗa su su zama abu ɗaya. Kuma a fara da gida, wato benen da suke ciki, tunda Allah ya haɗa gwamnati da ɗan kasuwa a ƙarƙashin rufi ɗaya.

Wai a gida za a fara don ya fi sauƙi!

Zaman farko sai da aka yi wata da watanni ana neman inda za a yi shi. Na sama suka ce gwamnati ba ta sauka wurin ɗan kasuwa. Na ƙasa suka ce ai su ke da na’urar sanyaya ɗaki da shayi, ba za su hau sama su sha zafi ba. Rigakafi ya yi ta hawa yana sauka da saƙo, har ƙwaurinsa ya koma na ɗan ƙwallo. Daga ƙarshe aka yi zaman a wurin ajiye motoci, ƙarƙashin rumfata. Nan ma wata ta taso. A cikin kujeruna akwai guda mai hannu, ta alfarma. Manajan kamfani ya iso ya ɗora jakarsa a kanta. Shugaban ’yan kwana-kwana ya iso ya ɗora hularsa a kan jakar. Aka wuni ana “Yallaɓai, da izininka,” “A’a Yallaɓai, da naka izinin,” ba wanda ya zauna, ba wanda ya janye kayansa, ba wanda ya ambaci girgizar ƙasa. Da yamma Rigakafi ya riƙe hannuna kamar zai yi kuka.

“Ɗan kawu, don girman zumunci ka ɓoye kujerar nan.”

“Kujerata ta fi kwamitinka tasiri, ɗan gwaggo. Ita ko magana ba ta yi ba ta tsayar da taro.”

Bayan zama ya fi gashin kaina yawa, aka cimma matsaya: kowa ya tsara shirinsa, kowa ya ceci nasa. Ma’aikatan gwamnati za su ɗaura koren ƙyalle a damtse, na kamfani shuɗi, don masu ceto su gane nasu. Rigakafi bai so haka ba, amma ya ce da babu gara ba daɗi, tunda ko ba komai sun yarda su gudu rana ɗaya.

Ana cikin haka aka kawo sabuwar Darakta. Wata mata ce mai tabarau a kan karan hanci, wadda aka ce tun da ta fara aiki ba a taɓa ganin haƙorinta ba. Ta kira shi ofis.

“Malam, tun da aka ba ka teburin nan me ka haɗa?”

“Ranki ya daɗe, an yi zama sosai.”

“Kaza ma tana zama, amma ita takan ƙyanƙyashe wani abu.”

Ta ce ƙarshen wata za a yi atisaye a gabanta, na sama da na ƙasa tare. In an fitar da kowa lafiya, teburinsa ya tsira. In ba haka ba, tebur ba zai sake kwana a ofishinta ba, shi kuma ya koma sito yana gadin barguna da bokitai.

Ya same ni a shago ina wanke kujeru. Ya zauna a kan wadda ban goge ba, bai ma ji jiƙa ba.

“Ɗan kawu, sito,” ya ce. “Ka san sito? Ƙarƙashin bene yake. Ƙofa ɗaya. Ba taga. Ginin gaba ɗaya a kaina.”

“To ai ga barguna, in ya rufto sai ka lulluɓa.”

Bai yi dariya ba. Ya ce ba siton kaɗai ke damunsa ba. In aka ɗauke teburin, ba mai sake hawa da sauka tsakanin mutanen nan, kowa zai koma ya rufe ƙofarsa, sai ranar da ƙasa ta yi juyi na gaske. Sannan ya dube ni sama da ƙasa kamar mai tayin rago.

“Akwai aikin da za ka yi min. Ana buƙatar masu rauni na ƙarya. Ma’aikata sun ba da nasu, amma ina son mutumin gari guda, wanda ya zo biyan buƙata abin ya rutsa da shi. Kwanciya kawai za ka yi, abin da ka fi iyawa a duniya.”

“Za a ɗauke ni a gadon marasa lafiya?”

“Mutum huɗu.”

“A sa shida, kada a ji kunya.”

Ranar atisaye da safe ya shafe ni da jan fenti, goshi da wuya da gaban riga, har na yi kama da wanda ya yi dambe da mahauci. Gwaggo ta zo kallo, ita da matarsa, aka ba su kujera a filin da za a taru, kusa da Darakta da Manaja. Gwaggo ta ce ta zo ne ta ga ranar da za a ɗauki ɗan yayanta kamar mai daraja.

Sai neman inda zan kwanta. Muka hau sama, masinja ya ce yanzu aka goge farfajiya saboda Darakta, ba mai zuba musu fenti. Muka sauko ƙasa, maigadin kamfani ya ce mutum jina-jina a ƙofarsu zai kori masu sayen layi. Rigakafi ya ja ni tsakiyar matakala, inda take da ɗan fili, ya ce nan ma ya yi. Sauran ƙyalle. Mai rabon kore ya ce na ma’aikatan gwamnati ne kaɗai. Mai rabon shuɗi ta ce ko ƙanin Manaja ba ta bai wa ba. Daidai nan wayar oba-oba da ke ƙugun Rigakafi ta fara ihu, wai motar kwana-kwana ta tare wa motar asibiti hanya, direbobin na shirin ba hamata iska.

“Kwanta nan, ɗan kawu. Yanzu zan kawo maka ƙyalle.”

Ya sauka a guje. Na miƙe a ƙasa na gyara kwanciya, hannu ɗaya a ƙirji, harshe a ɗan waje.

Jiniyar gwamnati ta yi tari sau biyu kamar tsohuwar akuya ta mutu. Ta kamfani ta karɓa. Na ji ana jan kujeru sama da ƙasa, kowa na shigewa ƙarƙashin tebur kamar yadda aka koya musu. Can aka busa usur, alamar ƙasa ta daina rawa, a fita. Sai ga na sama sun ɓarko.

Jama’a, ban taɓa sanin gwamnati na da ƙafafu da yawa haka ba. Na fara aikina. Na yi nishi, na yi gurnani, na kira uwata, na kira Kaka da ta daɗe da rasuwa. Wallahi da a talabijin ne da an ba ni kyauta. Na gaba ya tsaya ya dube ni.

“Subhanallahi. Sannu, bawan Allah.”

Ya ɗaga ƙafa ya tsallake ni. Na bayansa ya ce, “Ayya, sannu,” ya tattare wandonsa kada fenti ya taɓa, ya tsallake. Wata mai buga takardu ta ce, “Allah ya ba da lafiya, Baba,” ni da ko furfura ban fara ba, ta raɓa ta gefe. Haka suka yi ta wucewa, kowa da gaisuwarsa. Gaskiya ba wanda ya taka ni. Mutane ne masu tarbiyya.

Sai ga masu ceto na gwamnati da gadonsu, Shugaban ’yan kwana-kwana a gaba. Na ce yawwa, an zo wurin. Na ƙara ƙarfin nishi. Shugaba ya durƙusa ya ɗaga hannuna na dama, ya ɗaga na hagu.

“Kai na wane ne?”

“Na Allah ne, Yallaɓai.”

“Duk mu nasa ne. Kore ko shuɗi?”

“Ni dai ja aka shafa min.”

Ya miƙe ya kaɗe gwiwa. “Ba namu ba ne. Na ƙasa ne ya hauro.” Suka wuce sama. Jim kaɗan suka sauko ɗauke da wani ƙaton akawu mai koren ƙyalle, wanda rauninsa na ƙarya a ɗan yatsa yake. Yana kwance yana danna waya. Suka ɗaga shi sama suka tsallake ni da shi, har ya leƙo ya ce min sannu.

Can sai ga na kamfani, wata nas daga asibitin kuɗi da samarinta, rigunansu fes, gadonsu har da matashi. Ta tsaya a gindin matakala ta ɗago kai.

“Malam, ka iya gangarowa?”

“Ƙafata a karye take, ’yar’uwa. Duka biyun. Da ƙugu.”

“Ikonmu a ƙofar gilashi ya ƙare. Daga nan zuwa sama na gwamnati ne.”

Shugaban kwana-kwana, da ya dawo ɗaukar hularsa, ya ji ta. Ya ce a’a, Malama, su daga ƙofar sama suke farawa, haka shirinsu ya ce. Ta ce su ma haka nasu ya ce. Suka tsaya, shi a sama da kaina, ita a ƙasa da ƙafata, suna ta musu cikin ladabi, “da girmanka Yallaɓai,” “da girmanki Malama.” Na ce to ko za a raba ni biyu ne, kowa ya ɗauki na kusa da shi? Ba wanda ya kula ni. Aka busa usur na biyu daga fili, kowa ya tuna ana duba agogo, suka watse.

Bene ya yi tsit. Daɓen da sanyi, ga iska na shigowa ta taga. Na ce bari in ɗan rufe ido kafin ƙyalle ya iso. Mai rauni ai hutu yake buƙata.

Abin da ya faru a fili Gwaggo da matar Rigakafi ne suka ba ni labari, kuma bakinsu ya zo ɗaya, abin da ba a saba gani ba. Shugaban kwana-kwana ya ƙame a gaban Darakta ya ce, “Kore sun cika, ranki ya daɗe!” Nas ta ce, “Shuɗi sun cika!” Aka ɗauki tafi. Manaja ya rungume Shugaba kamar ba su ne na rigimar kujera ba. Darakta ta sauke tabarau ta dubi agogo, ta dubi Rigakafi.

“Malam, da alama teburinka ya tsira.”

Matarsa ta ce tun ranar aurensu ba ta ga ya saki kafaɗa irin na lokacin ba. Yana cikin karɓar hannu sai Gwaggo ta jawo gefen rigarsa, ta yi ƙasa da murya.

“Kai, ina ɗan yayana? Na zuba ido ban ga an wuce da shi ba.”

Ya juya wurin Shugaba. “Yallaɓai, wani mai jan fenti fa?”

“Ba yana wurin kamfani ba?”

Ya juya wurin nas.

“Ba yana wurinku ba?”

Gwaggo ta ce da ta ji wannan tambayar nan take ta gane muryar wa ta taɓa yin ta. Kafin ta ɗago, Rigakafi ya yi cikin bene.

Ni dai na farka na ga mutum tsaye a kaina yana haki, hular kwano ta karkace.

“Ina ƙyallen?” na ce.

Ya zauna a kan matakala kusa da kaina. Daga fili ana jiyo tafi da dariya.

“An gama?”

“An gama. An ce an ci nasara.”

“To madalla. Ni ma na ci barci.” Na tashi zaune. Na ga yadda fuskarsa ta yi, na gane inda aka kwana. Na ce, “Ji nan, ɗan gwaggo. Akwai ƙofar baya, akwai famfo. In wanke fuskata, in juya rigata, in zagayo in shige cikin masu tafi. Daga ni sai kai sai Gwaggo, ita kuwa ba ta da bakin tona asirin wanda ya manta da mutum. Ka tsira da teburinka, ni kuma ka bar min biskit ɗin jakar nan har abada.”

Ya kama gefen matakala da hannu biyu. Na rantse da na ga kallon sai na ga fo a ƙarƙashinsa.

“Sun gan ka?”

“Kowa ya gan ni. Sannu kuwa na sha ta har na ƙoshi.”

“Suka wuce.”

“Kai ma ai cewa ka yi yanzu za ka dawo.”

Wasa na yi, irin wanda muka saba tun muna yara. Amma wannan karon bai rama ba. Ya miƙe ya cire hular kwano ya kifa min a kai, ya juya min baya ya durƙusa.

“Hau.”

“Kai, ka san nauyina kuwa? Rabon mutum uku nake ci.”

“Ƙafarka a karye take. Hau.”

“Sito fa, Rigakafi. Ƙofa ɗaya. Ba taga.”

“Na sani. Hau, kafin in canza ra’ayi.”

Na hau. Allah ya gani, mutumin nan ƙashi ne da usur kawai. Muka gangaro yana tangaɗi, gwiwoyinsa na gaisawa da juna, ƙafafuna na jan ƙasa, fentina na bin farar rigarsa. Da muka fito fili tafi ya fara mutuwa daga gaba zuwa baya. Ya ratsa tsakiyar kore da shuɗi, ya kai ni gaban Darakta ya sauke kamar buhun siminti. Na ga jama’a sun zuba ido, na ce ba za a yi asarar fenti ba, na saki wani nishi mai tsawo.

“Yi mana shiru,” ya ce min. Sannan ya juya. “Ranki ya daɗe, atisaye bai yi ba. Wannan mutumin gari ne. Ba kore ba ne, ba shuɗi ba ne. A kan matakala yake tun safe, duk muka tsallake shi. Ni na kwantar da shi, ni na fara mantawa da shi. Ranar da abin zai zo da gaske, irinsa sun fi mu yawa a benen nan.”

Nan fa wuri ya kaure. Shugaba ya ce matakala ta kamfani ce tunda daga ƙasa ta taso. Manaja ya ce ta gwamnati ce tunda sama ta nufa. Wani ya ce ta mai gidan haya ce, wani ya ce mai gidan ya ce ta kowa ce. Darakta ta ɗaga hannu, aka yi tsit. Ta leƙo ni ta saman tabarau.

“Kai, da suka same ka me suka yi maka?”

“Gaisuwa, ranki ya daɗe. Ko ranar da aka haife ni ban sha sannu irin ta yau ba. Har wanda aka ɗauko a gado sai da ya yi min.”

Ta ciro hankici ta rufe baki, kafaɗunta na rawa. An ce tari ne ya sarƙe ta. Ni da nake ƙasa na hango haƙori. Da ta gama ta mayar da tabarau ta dubi Rigakafi, wanda ke tsaye ja-ja-ja kamar shi ne mai raunin.

“Da ka yi shiru da ban sani ba.”

“Da na sani ni, ranki ya daɗe.”

“Na ce in atisaye bai yi ba teburinka ba zai sake kwana a ofishina ba. Ba na magana biyu.”

Gwaggo ta dafe ƙirji. Matarsa ta runtse ido. Ni kaina na daina nishi. Sai Darakta ta ci gaba.

“A sauko da shi kan matakala. Tunda ba ta da mai ita, daga yau taka ce, ita da duk wanda ke kanta. Ƙyallayen nan kuma a tattara a ba masu goge-goge. Wata mai zuwa a sake.”

Manaja, don kada a ce gwamnati ta fi shi, nan take ya ce kamfani ya ba da fanka da tebur na ƙarfe. Shugaban kwana-kwana ya ce su kuma sun ba da ƙusar rataye hula.

Haka Rigakafi ya tare. Ranar farko sai da ya kawo igiya ya auna faɗin wurin, ya tura teburin can cikin lungu don kada ya tare wa masu gudu hanya. Fankar kuwa ya ƙi yarda a rataye ta a saman kansa. Yana ta mita wai matakala ba wurin zaman mai hankali ba ne in ƙasa na rawa, amma na lura kullum sai ya goge tagar nan da hannun rigarsa. Yanzu ba mai hawa ko sauka sai ta gabansa. Manaja ba shi da hanyar ɓuya, Shugaba ba shi da ita. A nan yake tare su, a yi zaman a tsaye, ba shayi ba kujera mai hannu, kafin ƙafa ta gaji an gama magana. Ta haka ya samo injin ɗaga kaya daga wani kamfanin gini, ya sa asibitin kuɗi ya yarda ya karɓi kowa ranar tsiya ba tambayar na wane ne.

A atisaye na biyu ni aka sake kwantarwa. Ko nishin farko ban gama ba na ji an sure ni, gwamnati ta kama kai, kamfani ya kama ƙafa, kowa na ja wai shi ya fara zuwa. Tun ranar wandunana suka yi min gajarta. Gwaggo ta ce ƙarya nake yi, ni kuwa tela ne shaidata.

Jiya na biya ta wurinsa. Na zauna a kan matakala na jawo jakar ko-ta-kwana ina duba lafiyar biskit. Yana zaune ya riƙe gefen teburinsa da hannu biyu, yana bin masu hawa da sauka da kallo ɗaya bayan ɗaya.

Na ce, “Ɗan gwaggo, wai sai yaushe za ka sauko daga fon nan?”

Ya ce, “Tashi daga nan, kana tare hanya.”